Ayyukanmu shida, kowanne da hanyar haɗa shi: mu tilasta wa kowa kayan aiki ɗaya ne ko yaya?

DanJekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yini lafiya. Tambaya gare ni amma sai na ɗan ja labari tukun, ku yi haƙuri da ni.

Mu 'yan wani ɗan zaure ne a nan Gombe, ba mu kai ashirin ba, wasu ɗalibai ne a jami'ar jiha wasu a Kashere wasu kuma sun gama suna 'yan buga-bugarsu, muna rubuta manhajoji mu zuba a GitHub, shafin da ake ajiye kod, kyauta duk mai so ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Yanzu ayyukan sun kai shida. Akwai ƙamus na waya, shi kam da Gradle ake haɗa shi, wato kayan aikin da ke mayar da kod ya zama manhaja mai aiki, tunda abin da Android Studio ya zo da shi ke nan. Akwai wani ɗan laburare na Python mai juya lamba zuwa kalmomi, ka ba shi 1,250 ya ce maka dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Akwai na lissafin sakamakon jarrabawa da muka yi wa makarantun Islamiyya, da Java aka rubuta shi ana haɗa shi da Maven. Akwai na adashe da JavaScript, akwai na farashin hatsi shi ma JavaScript amma wani salon daban, sai wani ƙaramin abu da aka rubuta da C mai mayar wa rubutu ƙugiyoyinsa, wanda mutum ɗaya ne tak ya san yadda ake haɗa shi.

Shafukan intanet ɗin ma haka, kowanne da injin da ke fitar da shi, ɗaya Jekyll, ɗaya Docusaurus, ɗaya Sphinx, ɗaya da hannu aka rubuta HTML ɗinsa, biyu kuma ba su da shafi kwata-kwata.

Abin da ya sa na kawo maganar, ranar Asabar da ta wuce wata yarinya ta taso tun daga Kumo ta zo zamanmu, sabuwa ce, ta ga kuskuren rubutu a shafin bayanin manhajar adashe ta ce za ta gyara, kalma biyu ce fa kawai. Aka ce mata sai ta sauke Node, abin da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta, ta sauke, aka ce ta buga npm install don ya sauko da kayan da shafin ke buƙata, abu ya yi ta zuba yana zuba har datar ta ta ƙare, na haɗa mata tawa, ana cikin haka wuta ta ɗauke batirin laftof ɗinta kuma ba ya riƙe caji. Haka ta koma gida kalma biyun nan suna nan yadda suke. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ga shi kuma wanda ya san yadda ake sabunta shafin ƙamus ya tafi bautar ƙasa, shafin har yau yana tallar sigar da muka wuce tun kafin azumi.

Muka zauna aka ce a daidaita, sai rigima. Wani ya ce komai ya koma Gradle tunda Gradle na iya komai, wani ya ce a'a kowa ya ci gaba da abin da ya iya tunda ba albashi ake biyan kowa ba. To masu ilimin cikinku, manyan ayyuka irin na gidauniyar Apache da su Linux yaya suka yi da wannan matsalar? Ana tilastawa ne? In ana yi, da wanne za mu tafi?

Tsohon_Injiniya_Yelwa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan rigimar taku ta girme ku duka, kuma ta kusa girmata ni ma.

Bari in ɗan koma baya saboda amsar tana cikin tarihin. Make da kuke gani, tsohon kayan haɗa manhaja, Stuart Feldman ne ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, kuma tun ranar akwai wani aibi a jikinsa, dole layin umarni ya fara da tab, in ka sa sarari ba zai yi ba, ido kuma ba ya bambance su. An ruwaito shi da kansa yana cewa ya ga aibin da wuri amma ya ƙi gyarawa don ya riga ya samu 'yan mutane kaɗan da ke amfani da shi ba ya son ya ɓata musu aiki. Ka riƙe wannan, duk abin da kuka zaɓa yau haka zai maƙale muku.

Da Java ta zo aka yi Ant, James Duncan Davidson ya yi shi don haɗa wata manhajar Java mai suna Tomcat, ya fito a matsayin abu mai zaman kansa a 2000. Na yi aiki da Ant shekaru, kuma matsalarsa ita ce taku sak: yana ba ka 'yanci ka rubuta build.xml yadda ka ga dama, to sai kowane aiki ya zama da nasa, wannan ya ajiye kod a folda kaza wancan a folda kaza, wannan umarninsa dist wancan jar wancan all, in ka bar wani aiki ka shiga wani kamar ka sauka a garin da ba ka jin yarensu ne. A cikin ayyukan Java na Apache da ake kira Jakarta wannan ya dame su, daga cikin aikin Turbine ne Jason van Zyl ya fara Maven wajen 2002, siga ta 1.0 ta fito a 2004. Dabarar Maven ba wani tsafi ba ne, cewa ya yi a daina gardama: kod yana src/main/java, gwaje-gwaje suna src/test/java, bayanin aiki yana pom.xml, 'yan rakiyar da manhajarka ke dogara da su kuma ka rubuta sunansu da sigarsu shi zai je ya ɗauko. Har shafin intanet ya ce zai yi maka, ka buga mvn site ya fitar maka da shafi cikakke.

To amma ga abin da nake so ka lura da shi. Apache ba ta taɓa cewa duk ayyukanta su koma Maven ba. Kowane aiki yana da kwamitinsa da ke yanke wa kansa shawara, sabar httpd, manhajar da ke raba shafukan intanet, da C aka rubuta ta kuma ba ta da alaƙa da Maven, Kafka da Gradle ake haɗa ta, Ant ma yana nan da ransa a ƙarƙashin inuwar Apache ɗin. Waɗanda suka koma Maven sun koma ne don sun ga sauƙi.

Inda aka yi ƙaura gaba ɗaya kuma sai ka ga yaren ɗaya ne ko dangin juna. KDE masu yi wa Linux fuskar kwamfuta sun bar Autotools sun koma CMake wajen 2006 lokacin da suke shirin KDE 4. Takwarorinsu GNOME sun fara komawa Meson wajen 2017, kuma ba rana ɗaya aka yi ba, ɗaya bayan ɗaya aka riƙa ɗauka ana juyawa.

Ka je kasuwar Tudun Hatsi can wajenku ka duba. Abin da mai saye ke so shi ne mudun wannan rumfa ya zo daidai da mudun waccan. Amma babu mai hankalin da zai ce tunda an daidaita mudu to mai manja ma ya zo ya auna da mudu, manja da kwalba ake auna shi, yadi da tef. Wanda ya ce ku mayar da Python da C da JavaScript cikin Gradle so yake ya auna manja da mudu, zai yiwu, amma za a yi ɓari kuma shi kaɗai zai iya aikin, ran da ya tafi bautar ƙasa kun koma gidan jiya.

Shawarata: kowane yare kayan aiki ɗaya, wanda mutanen yaren suka sani. Android Gradle, wannan ba zaɓinku ba ne ma, Google ta yanke tun 2013. Java ɗinku ku bar shi a Maven tunda yana aiki. Python ku koma pyproject.toml, su ma 'yan Python sun sha wannan wahalar, sai 2016 suka amince da fayil ɗin a takardar shawararsu mai lamba PEP 518, kuma distutils da tsofaffin setup.py ke jingina da shi an cire shi daga Python 3.12 a 2023, in naku yana kiransa kai tsaye wata rana zai ƙi tashi a sabuwar kwamfuta. Ayyukan JavaScript biyun nan su ne kawai ba su da uzuri, su zauna su zaɓi salo ɗaya.

Batun mvn site kuwa kada ka ruɗu da shi. Na ga shafukan da ya fitar da yawa, duk kamarsu ɗaya, cike da rahotanni na 'yan rakiya da lasisi da jerin sunayen masu aiki, amma ka nemi inda aka ce ga yadda za ka fara amfani da manhajar ka rasa.

YarPantami:

Baba Injiniya na yarda da kai a kan haɗa manhaja amma a kan shafi kam ban yarda a bar kowa da nasa ba, nan dole a tilasta, kuma ni da nake rubuta bayanan manhaja ni na san inda ke min ciwo.

Kod yare-yare ne, amma bayani duk rubutu ne. Babu dalilin da zai sa bayanin manhajar adashe ya buƙaci Node, na ƙamus ya buƙaci Ruby saboda Jekyll, na lambobi ya buƙaci Python saboda Sphinx, alhali duk abin da ke ciki sakin layi ne da hotuna uku. Duk kayan nan masu kyau ne fa ba kushe su nake ba, Sphinx Georg Brandl ya yi shi a 2008 don bayanan Python kansa, kuma har kernel ɗin Linux sun bar DocBook sun koma kansa a 2016, Jekyll shi ma 2008 ne daga Tom Preston-Werner na GitHub, Docusaurus na Facebook ne. Amma su waɗancan suna da dubban shafuka da intanet da ba ya yankewa, ku kuma kuna da yarinya daga Kumo mai data ta ɗari biyar.

In ni ce, kowane aiki ya buɗe folda ɗaya sunanta docs, komai a rubuta da Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomi, sannan injin fitar da shafi ya zama ɗaya ga duka shidan. Ni Hugo zan zaɓa, dalilina kuma ba na ado ba ne: fayil ɗaya ne tak kake saukewa, babu 'yan rakiya ɗari bakwai a bayansa, za ka iya sa shi a filasha ka ba wa na kusa da kai, kuma yana fitar da shafi kafin ka ɗauke hannu daga madannai. Steve Francia ya fara shi a 2013 da yaren Go, shafin Kubernetes ma da shi ake yi don haka ba abin yara ba ne. Sannan ya san harshe biyu tun daga gida, ka ajiye farawa.ha.md kusa da farawa.en.md shi zai haɗa su, samfurin shafin kuma ya sa maɓallin sauya harshe. MkDocs ma ba laifi in kun fi sabawa da pip na Python, ya fi sauƙin saitawa ma gaskiya, samfurin shafi na Hugo yana da ɗan ciwon kai a farko, amma mutum ɗaya ne zai sha wannan ciwon sau ɗaya sauran su gada.

Abu na biyu wanda ya fi na farko muhimmanci, kada fitar da shafi ya zauna a laftof ɗin kowa. Ku sa GitHub Actions, mai gudanar da aiki a kwamfutocin GitHub, ya riƙa yi, kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe, duk lokacin da aka karɓi gyara shi zai haɗa shafin ya ɗora a GitHub Pages. Da haka kuka yi, yarinyar nan da wayarta za ta buɗe fayil ɗin a burauza ta danna alamar fensir ta gyara kalma biyunta ta tura tana zaune a Kumo, ko kuɗin mota ba za ta kashe ba. Kuma ɗan bautar ƙasarku ya yi shekara goma ma a can shafi ba zai tsaya ba.

Sai kuma abin da babu Bature ko ɗaya da zai tuna muku, ƙugiya. ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa shafi ke fita lafiya a kwamfutata amma in abokin aikina ya haɗa a tasa sai duk ƙ ta koma wasu alamomi kamar rubutun aljanu, ashe shi Windows yake kuma abin yana karanta fayil da tsohon tsarin haruffan Windows maimakon UTF-8, tsarin da ya san haruffanmu. Java sai a siga ta 18 a 2022 ta mayar da UTF-8 abin da take ɗauka da kanta, in kuna kan wadda ta girmi wannan to ku rubuta project.build.sourceEncoding a pom.xml ku sa UTF-8, Maven ma yana gargaɗi a kai in ba a sa ba mutane ne ba sa karantawa. A Python kuma duk inda kuka buɗe fayil ku faɗa masa UTF-8 da bakinku kada ku bar shi ya yi zato. Ga kuma fon, wasu fon masu kyan gani ba su da haruffanmu, sai ka ga kalma tana tafiya lafiya ƙ ɗin tsakiya ta fito da wata kama daban kamar baƙuwa a gidan biki. Ga akwatin bincike, mutum ya rubuta kasa yana neman ƙasa bai samu ba, saboda a wajen Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa ba k ce da aka ɗora wa alama ba, dabarar da ke cire wa é ta Faransanci alamarta ba ta taɓa ta, sai kun rubuta taku. To wannan duka sau ɗaya ake warware shi in injin ɗaya ne, in huɗu ne sau huɗu, kuma na yi rantsuwa ba za a yi huɗun ba.

Dogo_Tashan_Dukku:

ni fa ban ga abin dogon turanci a nan ba, ku sa komai a Docker, wato akwatin da ke dauke da manhaja da duk kayan da take bukata, kawai a wuce wajen, kowa ya buga umarni daya abu ya tashi ko da wane yare aka rubuta, haka ake yi a ko ina yanzu. kuma maganar tilastawa ku bi a hankali, aikin sa kai ne, ranar da kuka ce wa mai C din nan sai ya canza zai dauke kafa ne kawai ku nemi mai gyara muku

YarPantami:

Dogo kai da ko ƙugiya ba ka sawa a rubutunka ai ba za ka ga matsala ba, "dauke kafa" ko "ɗauke ƙafa"? Docker a laftof mai ram 4 da aka saya na hannu, ga ƙunshin farko kaɗai da za a sauke ya cinye datar sati, so kake yarinyar Kumo ta daina zuwa gaba ɗaya. A kan saba, wato babbar kwamfutar da ke aiki a intanet, ina tare da kai, a kan kwamfutar ɗalibi a'a. Amma maganarka ta biyu gaskiya ce.

MaiGadinSaba:

Salam. Ina bin zaren tun safe a wajen aiki, akwai gefen da ba a taɓa ba.

Kayan haɗa manhaja ba maganar sauƙi kaɗai ba ce, maganar tsaro ce. A watan Maris na 2024 wani injiniya Andres Freund ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ta ssh ta ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, sai ga ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, an dasa a cikin xz siga 5.6.0 da 5.6.1, ɗan laburaren matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da shi. A ina aka ɓoye ta? Ba a cikin kod ɗin da mutane ke karantawa ba, a cikin fayilolin gwaji da rubutun haɗawa na Autotools, irin rubutun nan da kowa ke tsallakewa don ba ya karantuwa. Wanda ya yi ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin har aka yarda da shi aka ba shi dama. Ba cewa nake wani zai yi wa manhajar adashenku haka ba, amma wancan abin naku na C da mutum ɗaya kaɗai ya san yadda ake haɗa shi, ko ba mugunta akwai mutuwa akwai aure akwai tafiya. Duk rubutun haɗawar da mutum biyu ba za su iya karantawa su fahimta ba ya yi tsawo.

Na biyu, ku ƙulle sigogi. A 2016 wani ya cire ɗan ƙunshinsa left-pad daga npm, rumbun kayan JavaScript, layi 11 ne kacal, ayyuka manya irin su Babel suka kasa haɗuwa a ranar. Ku riƙa ajiye package-lock.json a cikin rumbun aikin kuna amfani da npm ci, na Android ku bar gradlew a ciki don kowa ya samu sigar Gradle iri ɗaya, Maven ma yana da nasa mvnw, Hugo in kun ɗauka ku rubuta lambar sigar ƙarara kada ku ce "sabuwa".

Na uku shi ne namu na nan, data. Abin da muke yi a wajenmu, mutum ɗaya ya sauke komai da daddare lokacin da data ke araha, a zuba a filasha. Maven yana tara kayansa a folda .m2, ka kwafe ta ka ba wani ya buga mvn -o ba zai nemi intanet ba. Gradle yana da --offline. Python ka yi pip download ka tara a folda, sauran su girka da --no-index da --find-links. In kun daidaita sigogi filasha ɗaya ta ishi zaure duka, in kowa da tasa sigar kuwa filashar ba ta da amfani, kun ga nan ma daidaitawar ce ke biyan kuɗin kanta.

Tsohon_Injiniya_Yelwa:

'Yata ta Pantami kin kayar da ni a kan shafi, na karɓa. Lokacinmu ba mu da wannan damar ta saba ta haɗa maka kyauta, shi ya sa tunanina bai je can ba.

Bari in ƙara abu ɗaya da zai sasanta Dogo da sauran. Abin da Dogo ke nema da Docker shi ne umarni ɗaya, kuma yana da gaskiya a nan, ana iya samun wannan ba tare da an taɓa cikin gidan kowa ba. Ku sa ɗan Makefile gajere a bakin kowane aiki mai umarni uku kawai, make gina, make gwada, make shafi. A na Android make gina ya kira gradlew, a na Java ya kira mvn, a na Python ya kira abin Python. Zaure iri ɗaya, cikin gida kowa da tsarinsa. Mai C ba a ce ya canza komai ba, an dai ce ya buɗe ƙofa inda baƙo zai gan ta. Sharaɗi ɗaya, kada Makefile ɗin ya wuce abin da zai cika fuskar kwamfuta, ran da ya fara tsawo to kun fara gina Ant na biyu.

Abin da ya sa 'yan Rust da 'yan Go ba sa irin wannan zaman namu ke nan, su tun sigar 1.0 yaren ya zo da cargo ko go build, babu wanda ya tambaye su ra'ayi.

YarPantami:

Baba sai dai fa rabin yaran nan Windows suke, kuma Windows ba ta zuwa da make, Git Bash ɗin da suke sakawa ma babu shi a ciki. Ko dai a sa make ɗin a filashar MaiGadi ko su kunna WSL mai gudanar da Linux a cikin Windows, shi kuma WSL wani nauyin ne a ƙaramar kwamfuta. Sannan sunayen Hausa sun min daɗi amma in wani daga Kenya ko Indiya ya zo taimakawa fa? A sa build da test su zama laƙabi suna kiran abu ɗaya, layi biyu ne.

Dogo_Tashan_Dukku:

to ai kun dawo maganata ta wata hanya, umarni daya. na yafe Docker din amma a sa shi a gefe don masu so. kugiya kuma madannaina ne ba su da ita hajiya

DanJekadafari:

Allah ya saka da alheri, wallahi ban zaci za a ba ni lokaci haka ba. Na kai maganganunku zamanmu na jiya, ga inda aka tsaya.

Shafi an amince ya zama ɗaya, Markdown a folda docs, saba ta haɗa. Hugo ko MkDocs ne ba a gama ba, mai laburaren Python ya kafe shi Sphinx ɗinsa yana ciro bayani kai tsaye daga cikin kod kuma ba zai sake rubuta su da hannu ba, na ga kuma yana da hujja, don haka wataƙila nasa ɓangaren ya zauna a Sphinx mu dai sa masa mahaɗi daga babban shafi. Anti ta Pantami na san ba haka kika so ba. Masu JavaScript biyun an ba su sati biyu su sasanta kansu in sun kasa a yi ƙuri'a. Mai Gradle ya ji haushi kaɗan amma da na ba shi misalin manja da mudu dariya ya yi. Mai C ya ce ba shi da matsala in dai ba za a taɓa masa kod ba, har ya yi alkawarin zai zaunar da mutum biyu ya nuna musu. Ɗan bautar ƙasarmu ma mun same shi a waya ya turo bayanin yadda yake ɗora shafin ƙamus, ashe daga wani reshen kod ne da ke laftof ɗinsa kaɗai bai taɓa tura shi ba.

Filasha mun saya, ni zan yi saukewar daren Juma'a. Yarinyar Kumo na tura mata saƙo ta ce za ta gwada ta waya in an gama saitawa, mun bar mata kalma biyun nan ba wanda ya taɓa, ita za ta gyara abinta.

Sai dai Baba Injiniya ina da 'yar matsala, na zauna tun bayan isha'i ina rubuta Makefile ɗin farko na aikin Java, layi shida ne kawai, na duba na sake dubawa komai daidai yake da yadda ka faɗa, amma duk na buga make gina sai ya ce min missing separator ya tsaya. Me na yi ba daidai ba?

Tsohon_Injiniya_Yelwa:

Ƙanina koma ka karanta sakin layi na biyu na amsata ta farko. Goge sararin da ke gaban mvn ɗin ka danna tab.